Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyarmu ta kafintoci kan shirin haɗe mu da babbar ƙungiyar ma'aikatan gini

Zuwa ga Shugaba, Babban Sakatare, Ma'aji da sauran 'yan Kwamitin Zartarwa. Kwafi ga shugabannin babbar ƙungiyar da ake shirin haɗe mu da ita.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa tare da girmamawa, muna fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, Allah kuma Ya taya ku riƙon amanar da muka ɗora muku.

Ni kafinta ne, na haura shekara 25 ina riƙe da katin wannan ƙungiya, kuma ban taɓa neman muƙami a cikinta ba, in ban da 'yan shekarun da na yi ina karɓar kuɗin wata a reshenmu. Ina rubuta wannan wasiƙa da yawun 'yan'uwan da muka zauna muka tattauna: masu aikin rufi, masu buga katakon zuba kankare, masu kujeru da gadaje da kabad, masu ƙofa da taga, da wasu dattawa da suka ajiye guduma amma sunansu yana nan a littafin ƙungiya. Mun fito fili ne domin sau biyu muna rubuto muku ta hannun sakataren reshe amsa ba ta zo ba, ga shi kuma ranar babban taro tana matsowa.

Yadda labarin ya iso mu ma abin faɗa ne. Ina kan tsani ina buga katakon rufi, sai wani birkila da muka daɗe muna haɗuwa a wuraren aiki ya ɗaga murya daga ƙasa yana yi mini barka, wai mun kusa zama 'yan gida ɗaya. Na ɗauka tsokanar da aka saba ce tsakanin birkila da kafinta. Da na sauko ya nuna mini sanarwar da ƙungiyarsu ta raba musu, wadda ta ce shugabannin ɓangarorin biyu sun cimma matsaya, saura kawai wakilai su amince. Ɗan wata ƙungiya ya riga ni sanin makomar tawa. Na koma kan tsanin, sai da na lanƙwasa ƙusa uku kafin hankalina ya dawo jikina.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Babu wanda ya ce ƙungiyarmu tana cikin ƙoshin lafiya. Mun ga yadda tagar alminiyam da ƙofar ƙarfe suka cinye aikin da a da na kafinta ne, mun ga yadda kayan ɗakin da ake yankawa a masana'anta a zubo a kwali suka rage wa shagunanmu ciniki, mun kuma ga yadda manyan kamfanonin gini suka daina ɗaukar kafinta kai tsaye, sai dai su ba ɗan kwangila, shi ma ya ba wani ƙaraminsa, har a rasa wanda za a kama idan an danne wa mutum haƙƙinsa. Membobi sun ragu, kuɗin shiga ya ragu, kuɗin lauya kuwa bai ragu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu masu ɗora rufi mun fi kowa sanin haka. Ko a matakin duniya, manyan tarayyoyi biyu na ma'aikatan gini da katako sun dunƙule a 2005 suka zama tarayya ɗaya mai suna BWI saboda irin wannan dalili. Hujjarku ta neman babbar inuwa tana da nauyi, mun yarda. Damuwarmu tana kan yadda ake yin haɗin da abin da za a bar mana bayan an yi shi. Kowane yaron shago ya san cewa ɗanyen katako idan aka haɗa shi da busasshe, komai yawan gam, cikin 'yan watanni haɗin zai buɗe baki.

Ƙorafinmu na farko shi ne har yau babu wanda ya ga takardar yarjejeniyar. Abin da ya iso rassa shafi guda ne, cike da kalmomi masu daɗi irin su ƙarfi da ci gaba da haɗin kai, amma babu layi ɗaya da ya faɗi abin da zai sami ofisoshin rassa, da asusun ƙungiya, da yarjejeniyoyin lada da muka riga muka ƙulla da masu ba da aiki. An ce wakilai ne za su yanke hukunci a babban taro, ta hanyar ɗaga hannu, a gaban shugabannin da suka riga suka amince. Wakilan nan an zaɓe su ne domin su duba rahoton shekara da kasafin kuɗi. Babu reshen da ya tura wakilinsa da nufin ya je ya rushe ƙungiya. Shugaban da bai yi mana ba muna iya sauke shi a zaɓe mai zuwa, kuɗin wata idan ya yi yawa muna iya rage shi baɗi, amma ranar da aka soke rajistar ƙungiya aka miƙa kadarorinta, babu taron da zai dawo da ita, domin shi kansa taron ya daina wanzuwa.

Yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1948, ta tabbatar wa ƙungiyoyin ma'aikata 'yancin tsara dokokinsu da zaɓen wakilansu, mu kuma a fahimtarmu wannan 'yanci na membobi ne kafin ya zama na masu riƙe da ofis. A Birtaniya, inda aka daɗe ana irin wannan haɗe-haɗe, doka ta bambanta hanya biyu: ko ƙungiyoyi su narke su haifi sabuwa, a nan kowane ɓangare sai ya kaɗa ƙuri'a, ko kuwa ɗaya ta miƙa kanta ga ɗaya, a nan membobin mai miƙawar ne ke kaɗawa. A duka biyun kowane memba ake ba takardar ƙuri'a tare da bayanin yarjejeniyar, wanda wani jami'i na musamman ya duba ya amince da shi, mai sa ido na waje ya kula da zaɓen, sannan a bar mako 6 domin mai ƙorafi ya shigar kafin a yi rajista. Ba mu ce dokar wata ƙasa ta hau kanmu ba. Mun kawo ta ne domin a ga cewa waɗanda suka riga mu bin wannan hanya sun gano ɗaga hannun wakilai bai isa ba. A ce mu amince da takardar da ba mu karanta ba, cinikin biri a sama ke nan.

Na biyu, wanda ya fi hana mu barci, maganar murya ce. A yau idan muka taru kafinta ne ke magana, kafinta ne ke yanke hukunci. Gobe za mu shiga zauren da birkiloli da leburori da masu walda da masu fenti da direbobin manyan injuna suka ninka mu sau da yawa. Dukansu 'yan'uwanmu ne, rana ɗaya ke dukanmu, amma ƙuri'a lissafi ce, lissafi kuwa bai san zumunci ba. Idan aka zo sasanta lada, kamfani yana iya miƙa ƙarin kuɗi na bai ɗaya ya nemi a yafe masa alawus ɗin kayan aiki. Mafi yawan mutanen zauren ba sa ɗaukar akwati irin na kafinta, don haka za su karɓa, kuma ba za a ce sun yi zalunci ba, mu ne dai za mu koma gida da asara. Haka nan idan aka yi saɓani kan wa ke da haƙƙin wani aiki, kamar ɗora silin na zamani ko kafa firam ɗin ƙofa, a yau ƙungiya ce ke zama da ƙungiya a yi magana tsakanin tsara da tsara. Bayan haɗewa rigimar za ta zama ta cikin gida, mai rinjaye kuma shi zai yi alƙalanci a shari'ar da shi ma yake ciki. Yajin aiki ma haka ne, ana iya mayar da mu bakin aiki alhali buƙatarmu tana nan ba a taɓa ta ba.

Tarihin kafintocin Birtaniya ya isa mutum ya tsaya ya yi nazari. Suna da ƙungiya tun 1827, suka kafa wata mai ƙarfi a 1860, kuma duka biyun sunan kafinta ne a goshinsu. A 1921 suka haɗu suka zama ƙungiyar ma'aikatan katako; sunan kafinta ya fita, katako ya saura. Zuwa 1971 sun haɗe da masu fenti da magina aka sami ƙungiyar ma'aikatan gini mai suna UCATT, katakon ma ya fita daga sunan. A farkon 2017 ita kanta UCATT ta shige cikin Unite, ƙungiyar da ta tattara ma'aikatan sufuri da masana'antu da bankuna da asibitoci. Kowane mataki yana da hujjarsa a lokacinsa, na ƙarshen ma membobi ne suka amince da shi da ƙuri'arsu. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne haɗewa ba ta tsayawa a ta farko. Babbar ƙungiyar da za ta karɓe mu yau, ita ma wata rana tana iya shiga wadda ta fi ta, kuma alkawarin baka ba zai bi mu can ba, sai abin da aka rubuta a kundin tsarin mulki.

Akwai inda aka yi haɗin da ya bar wa sana'a wurin numfashi. A Jamus ƙungiyar ma'aikatan katako da roba ta shiga IG Metall a shekarar 2000, wadda asalinta ta ma'aikatan ƙarfe ce kuma ta fi ta girma nesa ba kusa ba, amma har yanzu ɓangaren katako yana da yarjejeniyar ladansa daban. A Amurka da Kanada kuwa, babbar ƙungiyar kafintocin da aka kafa a Shikago a 1881 ta tattara ikon rassanta ƙarƙashin manyan majalisun yanki daga tsakiyar shekarun 1990, kuma duk da cewa kafinta ne ke mulkin kafinta, kukan rashin murya ya yi ƙarfi har da yawa daga kafintocin lardin British Columbia na Kanada suka ɓalle. Idan haka ta faru tsakanin masu sana'a ɗaya, to mu da za mu shiga cikin sana'o'i barkatai dole mu nemi shinge tun kafin mu shiga.

Na uku ya shafi lafiyarmu da gaɓoɓinmu, a nan kuma ina roƙon ku yi haƙuri in ba da labari. Shekarun baya wani matashi da na koya wa aiki ya sami gurbi a wata masana'antar kayan ɗaki. Wata rana yana tsaga katako a injin zarto na tebur, katakon ya matse zarton ya yi tsalle ya dawo baya, hannunsa ya zarce, yatsu biyu suka tafi. Kamfanin ya rubuta cewa sakacinsa ne. Sakataren reshenmu na lokacin, Allah Ya jiƙansa, dattijo ne da ya yi shekaru a kan irin wannan injin. Da ya je bai fara da ofishin manaja ba, wurin injin ya nufa, ya durƙusa ya leƙa bayan zarton. Siririn ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bayan zarto domin ya riƙe tsagar a buɗe kada katako ya matse, babu shi. Ramukan notinsa sun cika da tsohon garin katako da ya daskare, alamar an daɗe da cire shi, murfin saman zarton kuma yana rataye a ƙusa a jikin bango. Dattijon ya sa farce ya kankare ramin a gaban kowa ya nuna musu. Wannan kankarewar ce ta sa aka biya yaron diyya, aka kuma mayar wa injin kariyarsa. Jami'in da bai taɓa tsaga katako ba, komai iliminsa da gaskiyarsa, rahoton kamfani zai karanta, ya ga injin a goge yana sheƙi, ya nemi a yi sulhu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haɗarin kuma bai tsaya ga yanka ba. Tun shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da yawan wani nau'in ciwon daji na cikin hanci a tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe, a 1995 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon ga ɗan Adam. Ga asma, ga ƙarar injin da ke cinye ji a hankali har mutum ya wayi gari sai an ɗaga masa murya. Irin waɗannan cututtuka sai bayan shekaru masu yawa suke bayyana, lokacin da mutum ya bar kamfanin, wani lokaci kamfanin ma ya rufe. Kwamitin lafiya na babbar ƙungiya zai ba da ƙarfinsa ga faɗowa daga sama da ruftawar rami da haɗarin manyan injuna, kuma yana da gaskiya, domin su ne ke kisa nan take. To wa zai ci gaba da bin maganar injin zuƙe ƙura a ƙaramin shago mai mutum 5, idan ɗan kwamitinmu da ke yin haka ya narke?

Na huɗu, dukiya. Ƙungiyarmu ba mai arziki ba ce, amma abin da take da shi da guminmu aka tara: ginin hedikwata, ɗakin koyar da sana'a da injunan da ke ciki, asusun taimakon iyalan mamata, da asusun kayan aiki. Wannan na ƙarshen baƙo yana iya raina shi. Kafinta da akwatinsa yake zuwa aiki, akwatin kuwa ba a rana ɗaya ake cika shi ba. Akwai gudumar da na gada daga maigidana wadda ƙotarta ta lotsa daidai tafin hannunsa, yanzu ta bi nawa. Ranar da ɓarawo ya fasa ma'ajiyar wurin aiki ko gobara ta ci shago, mutum ya koma kamar bai taɓa koyon sana'a ba, kuma asusun nan ne ke tayar da shi. Ita ma ƙungiyar nan ta 1860 tana biyan memban da ya rasa kayan aikinsa, wato buƙata ce da ta tsufa tare da sana'ar. Idan aka zuba kuɗin cikin babban asusu zai zama layi guda a kasafin da wasu ke tsarawa, kuma shekarar da aka shiga matsi, abin da 'yan kaɗan ke amfana da shi ake fara yankewa.

Sannan ba a gaya mana halin da aljihun babbar ƙungiyar yake ciki ba. Ana bin ta bashi? Akwai shari'o'i a kanta? Fanshon ma'aikatan ofishinta a cike yake ko da giɓi? Wanda zai tare a gida yana da haƙƙin ya ƙwanƙwasa ginshiƙai ya ji ko gara ta ci. Mu ma a buɗe namu littattafan su gani, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Dattawanmu da suka shekara 30 suna zuba kuɗi bisa alkawarin za a tallafa wa iyalansu ranar da ta Allah ta kasance suna tambayarmu ko alkawarin zai tsallaka tare da su, mu kuwa ba mu da amsar da za mu ba su.

Na biyar, su wa za a ƙirga a matsayin membobi? Babbar ƙungiyar an gina ta ne a kan ma'aikatan manyan kamfanoni, waɗanda ake cire musu kuɗin ƙungiya tun daga albashi. Da yawa daga mutanenmu ba haka suke ba. Wani aikin jinga yake yi, yau yana nan gobe yana can. Wani yana da ɗan shagonsa da yara biyu ko uku, shi ne ma'aikaci shi ne maigida. Na yi shekaru ina bin su shago-shago ina karɓar kuɗin wata, na san abin da ke riƙe su a ƙungiya shi ne fuskar da suka sani, wadda za su kira idan mai gini ya karɓi aiki ya ƙi cika kuɗi. Shin mai shago zai zama cikakken memba mai ƙuri'a, ko za a ce masa ai shi mai ba da aiki ne, ya nemi wani wuri? Idan aka rufe ƙananan rassa aka mayar da komai ofishin yanki, waɗannan mutane ba za su yi zanga-zanga ba, shiru kawai za su daina biya, adadin da aka yi cinikin haɗewa da shi kuma ya zube kafin shekara ta zagayo. Masu koyon sana'a su ma suna cikin duhu. Mu ne muke gwada yaro kafin a yaye shi, mu ba shi takardar da ɗan kwangila ke girmamawa domin ya san waɗanda suka sa hannu sun ga yaron ya karanta zane ya fitar da haɗi da hannunsa. Wa zai sa hannu gobe, kuma da wane ma'auni?

Akwai maganar da ba mu so mu taɓo ba, amma yin shiru a kanta ya fi faɗinta illa. Ana ta raɗe-raɗi a wuraren aiki cewa an tanadar wa wasu daga cikinku kujeru da albashi a sabon tsarin. Ba mu zargi kowa ba, kuma ba laifi ba ne wanda ya yi wa ƙungiya hidima ya ci gaba da yi. Sai dai wanda zai amfana da ciniki bai kamata ya zama shi kaɗai ne dillali ba. A faɗi gaskiyar lamarin a rubuce, a kuma sanar da ma'aikatan ofishinmu matsayinsu, domin abin kunya ne ƙungiyar ƙwadago ta sallami nata ma'aikatan ba shiri.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A ɗage hukuncin da aka shirya yankewa a babban taro mai zuwa. A buga cikakkiyar yarjejeniyar, da kundin tsarin mulkin babbar ƙungiyar, da rahoton kuɗin ɓangarorin biyu wanda mai binciken kuɗi na waje ya tantance, a kai su kowane reshe a harshen da membobi ke ji, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu. A ba mu aƙalla wata 3 muna tattaunawa, ku zo rassa da ƙafarku ku amsa tambayoyi, masu adawa da haɗewar kuma a ba su dama daidai da ta masu goyon baya. Bayan haka a yi ƙuri'ar sirri, kowane memba da tasa, har da dattawa da masu shago, wanda ba ɗan kowane ɓangare ba ya ƙirga. A ganinmu hukunci mai girman wannan ya cancanci rinjayen kashi biyu cikin uku.

Idan membobi suka amince, to a shiga da sharuɗɗa, a kuma rubuta su a cikin kundin babbar ƙungiyar, domin takardar fahimtar juna sabon shugaba yana iya mantawa da ita. A kafa sashen kafintoci da ma'aikatan katako mai kwamitinsa, wanda kafintoci kaɗai ke zaɓa, da kujerun da aka keɓe masa a majalisar zartarwa. Duk yarjejeniyar ladan da ta shafi aikin katako kada a sa mata hannu sai sashen ya kaɗa ƙuri'a a kanta. Asusun kayan aiki da na iyalan mamata da ɗakin koyarwa su zauna a hannun amintattu daga sashen, a haramta karkatar da su. Jami'an da za su bi ƙorafin haɗari a shagunan katako su kasance mutanen da suka yi sana'ar. Kada a rufe reshe sai da yardar mutanensa, shekarun da kowa ya yi yana biya kuma a lissafa masa su cif. Wannan babi na kundin kada a taɓa shi sai da amincewar sashen kansa, in ba haka ba babban taro na farko yana iya share shi da ɗaga hannu ɗaya.

Muna kuma neman ƙofar fita. A rubuta cewa bayan shekara 5 za a sake zama a duba, kuma idan mafi yawan kafintoci ba su ga alheri ba, ko kuwa babbar ƙungiyar ta yanke shawarar shiga wata, sashen yana da ikon fita da asusunsa da kadarorin da ya shigo da su. Wanda ya tabbata haɗin na alheri ne ba zai ji tsoron wannan sharaɗi ba.

Sai kuma a sa hanya ta biyu a kan takardar ƙuri'a. Ita Yarjejeniya ta 87 ta ba ƙungiyoyi 'yancin kafa tarayya ko shiga cikinta, kowace tana riƙe da rajistarta. Muna iya haɗa lauyoyi, mu haɗa ofis, mu zauna gefe ɗaya idan za a sasanta da manyan kamfanoni, mu gwada zama tare na 'yan shekaru kafin a rushe katangar da ke tsakani. Kafinta ba ya shafa gam sai ya fara haɗa aikin a bushe ya ga ko ya zauna. Ba mu ji an tattauna wannan hanya ba, muna so mu san dalili.

Ku kuma shugabannin babbar ƙungiya, muna roƙon ku gaya wa namu shugabannin a fili ko waɗannan sharuɗɗa za su shiga kundinku, domin mu ji daga bakinku.

Muna sauraron amsa a rubuce, zuwa ga dukkan rassa, kafin a aika takardun gayyatar babban taro. Idan ranar ta zo ba mu ji komai ba, za mu bi hanyar da kundinmu ya tanada: mu nemi taron gaggawa na membobi, mu kuma sanar da hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin ƙwadago cewa akwai ƙorafi a kan wannan haɗewa. Takardar sa hannun ta riga ta fara zagaya shaguna da wuraren aiki.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon mai karɓar kuɗin reshe, a madadin 'yan'uwansa kafintoci.